Izinin Gini a Arewacin Najeriya: Abin da Doka Ta Ɗora wa Mai Gida Daga Sayen Fili Zuwa Tarewa

Ranar da ma'aikatan hukumar tsara birni suka iso bakin gini da gwangwanin jan fenti, sunan mai fili suke tambaya. Birkila zai tattara cokalinsa da igiyarsa ya koma wani aikin, ɗan kwangila zai ce abin da aka sa shi ya yi, dillalin da ya sayar da filin kuwa ya daɗe da cinye la'adarsa. Takardar tsayar da aiki, tara, kuɗin rusau, da diyyar wanda gini ya faɗa wa, duk kan mai gida suke sauka. Saboda haka wannan jagorar za ta bi aikin daga farko, kamar yadda yake tafiya a Kano, Kaduna, Abuja da sauran biranen Arewa.

Takardar fili daban, izinin gini daban

A nan mafi yawan mutane ke tuntuɓe. Mutum ya riƙe satifiket ɗin mallaka, wanda kowa ke kira C of O, sai ya ɗauka ya gama da gwamnati. Alhali ofisoshi biyu ne, dokoki biyu.

Ta farko ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, kuma Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta kariya. Ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake da shi haƙƙin zama ne da amfani, yawanci na shekara 99 idan filin gida ne. Gwamna ke bayar da wannan haƙƙi a yankin da aka ayyana a matsayin birni, ƙaramar hukuma kuma tana bayar da na gargajiya a karkara. Abuja ta fita daban: Ministan Babban Birnin Tarayya kaɗai ke da ikon ba da fili, don haka takardar da sarkin ƙauye ko ƙaramar hukuma ta bayar a can ba ta tsayawa da ƙafarta.

Ta biyu ita ce Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992, wadda ta ce ba a fara wani gini sai da izinin hukumar da ke kula da gine-gine. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar da Gwamnatin Tarayya, cewa tsara birni hurumin jihohi ne. Shi ya sa kowace jiha ke da hukumarta da farashinta: KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, JMDB a Jos, Sashen Kula da Gine-gine a Abuja. Harkar takardun fili kuma tana hannun ma'aikatar ƙasa da cibiyoyin rajista irin su KANGIS, KADGIS, AGIS da NAGIS ta Nasarawa. Ƙa'idojin sukan bambanta a adadi, amma ƙashin bayansu ɗaya ne.

Mataki na farko: binciki filin kafin ka sauke tifar yashi

Je ofishin ƙasa da lambar fayil ko lambar fulotin, ka biya kuɗin bincike, ka karɓi sakamako a rubuce. Abu huɗu kake son sani: sunan wa ke kan fayil ɗin, an jinginar da filin a banki ko a'a, akwai bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara, sannan me aka ware filin domin shi. Wannan na ƙarshen ne ake yawan tsallakewa. Filin da taswirar unguwa ta nuna makaranta ce, ko asibiti, ko hanya, ko maƙabarta, ba za a ba ka izinin gina gida a kai ba ko da shaidu goma suka sa hannu a cinikin.

Idan sayen filin ka yi daga mai satifiket, sashe na 22 na dokar 1978 ya wajabta neman amincewar gwamna kafin mallaka ta koma hannunka. Ciniki ba tare da ita ba yana da rauni a gaban kotu, kuma hukumar tsara birni za ta ga sunan wani a takarda, kai kuma kana neman izini da sunanka.

Filin awon igiya, wato gonar da mai ita ya yanka da kansa ya sayar fuloti-fuloti da takardar dagaci ko mai unguwa, shi ne ya fi yawa a gefen Kano da garuruwa irinta. Takardar mai unguwa shaida ce mai amfani cewa an yi ciniki, amma ba ta maye gurbin takardar gwamnati. Hanyar da ta dace ita ce a kira safiyo mai rajista ya auna, ya kafa duwatsun iyaka, ya fitar da taswira mai lambobin wuri, sannan a nemi gwamnati ta tabbatar da mallakar. Matsalar awon igiya ta fi fitowa a layi: mai gona yana son fuloti ya yi yawa, sai ya bar lungun da mota biyu ba za su gifta ba, ranar da gwamnati ta zo fitar da titi da magudanar ruwa sai a ci gaban gidaje.

Gidan gado yana da nasa sharaɗin. Kada ka rushe ko ka ɗora bene a gidan da ba a raba ba, ko da kai ne babba kuma kai ke ciyar da gidan. A fara raba gado a kotun shari'a, a karɓi takardar rabon, idan kuma sauran magada sun sayar maka da kasonsu a rubuta a sa hannu, har da na mata da ke gidajen aurensu da wakilin marayu. Kangwaye da yawa da ake gani a cikin gari ba rashin kuɗi ya tsayar da su ba, ƙarar ɗan'uwa ce.

Akwai wuraren da ba a ba da izini ko kaɗan. Ƙarƙashin babbar wayar lantarki na ɗaya daga ciki: ƙa'idar da NEMSA, hukumar da ke duba ingancin ayyukan lantarki, ke aiki da ita ta ware faɗin mita 50 ga layin 330kV, wato mita 25 kowane gefe, mita 30 ga layin 132kV, da mita 11 ga layukan 33kV da 11kV da ke ratsa unguwanni. Babbar hanyar Gwamnatin Tarayya tana da mita 45.72 kowane gefe daga tsakiyar titi. Haka nan hanyar ruwa, bakin rafi, layin dogo, bututun mai, da kan badala a Kano, wadda ke cikin kayan tarihi na ƙasa. Kududdufin da aka cike da shara aka sayar kuwa, ko takardunsa sun cika, ƙasarsa ba ta zauna ba, kuma ruwan da ke taruwa a wurin zai nemi gidan wani.

Karanta bayan satifiket ɗinka ma. Galibi akwai sharaɗin cewa za ka gina filin cikin wani wa'adi, sau da yawa shekara biyu, ka riƙa biyan kuɗin ƙasa, kuma ba za ka gina komai ba sai da zanen da hukuma ta amince da shi. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mallaka idan aka karya waɗannan sharuɗɗa.

Mataki na biyu: zane, da wanda ya cancanci ya sa masa hatimi

Zanen da yaron unguwa mai kwamfuta ya yi maka zai iya yin kyau a ido, amma hukuma hatimi take dubawa. Zanen fasalin gida na mai zanen gine-gine ne da ke da rajistar ARCON. Lissafin ƙarfin gini, wato tushe, ginshiƙai, bim (gungumen kankare da ke kwance yana ɗaukar nauyi) da dakin (rufin kankare), na injiniya ne mai rajistar COREN. Maginin da ke jagorantar aiki a fili yana da tasa hukumar, CORBON, masu tsara birane kuma TOPREC, safiyo kuma SURCON. Tambayi lambar rajistar mutum ka tabbatar da ita. Akwai masu ba da hayar hatimi, su buga a zanen da ba su taɓa buɗewa ba. Ranar da gini ya tsage ba za ka gan su ba.

Cikakken zane ya ƙunshi taswirar fili da ke nuna inda gini zai zauna da tazararsa daga kowace iyaka, shimfiɗar kowane hawa, fuskokin gini huɗu, yankan da ke nuna tsayin ɗaki da zurfin tushe, zanen rufi, zanen rodi, zanen wayoyin lantarki, da na famfo da shadda da ramin tsotse ruwa. Yawanci ana zana su a ma'aunin 1:100. Idan bene ne, musamman wanda ya wuce hawa ɗaya a sama, za a nemi rahoton gwajin ƙasa. Dokar 1992 ta kuma buƙaci rahoton tasiri ga muhalli idan filin gidaje ya wuce hekta 2, abin da ya shafi masu gina rukunin gidaje, ba mai fuloti ɗaya ba.

Batun tazara ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan al'adar gininmu da ƙa'idar hukuma suke karo. Gidan Bahaushe ɗakuna yake jerawa a jikin katanga ya bar tsakar gida a tsakiya. Ƙa'idar unguwannin da aka tsara kuwa gini take so a tsakiya, sarari a kewaye. A wurare da yawa ana neman mita 6 a gaba, mita 3 a baya da kowane gefe, kuma ba a yarda gini ya cinye fiye da kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na fili ba, gwargwadon cunkoson unguwar. Ɗauki fuloti mai ƙafa 50 da 100, kimanin mita 15 da 30 ke nan. Ka cire mita 3 hagu da dama, saura mita 9. Ka cire 6 a gaba da 3 a baya, saura 21. Abin da ya rage maka murabba'in mita 189 ne daga cikin 450. Ya ishi gida mai ɗaki uku da falo, amma ba zai ɗauki sashen maigida da na mata biyu da shaguna uku a gaba ba. Mai fuloti 50 da 50 kuwa lissafinsa ya fi matsewa. Hukumomi sukan sassauta a unguwanni masu cunkoso da tsohon gari, sai dai sassaucin ya kasance a cikin zanen da aka buga wa hatimi. Maganar baki da wani ma'aikaci ba ta kare ka, don gobe za a iya canza masa wurin aiki.

Tazarar nan tana da dalili. Ita ke ba ɗaki iska da haske, ita ke hana wuta tsallakawa daga rufi zuwa rufi, ita ke ba ruwan indararo wurin sauka a cikin filinka, ita kuma ke ba motar kwasar shadda hanya. A sa ramin shadda aƙalla mita 15 daga kowace rijiya, taka ko ta maƙwabci, idan da hali ma a kai 30, kuma a gangare da rijiyar.

Mataki na uku: shigar da takardu

Abin da aka saba nema shi ne fom ɗin hukuma, kwafin takardar mallaka, taswirar safiyo, zanen gini adadin kwafin da suka faɗa, shaidar biyan haraji ta shekara uku, rasit ɗin kuɗin ƙasa, hoto da katin shaida, da wasiƙar injiniyan da ya ɗauki alhakin kula da aikin idan bene ne. Bayan an karɓa, jami'i zai je ya ga filin ya gwada shi da taswira, sannan sassan hukumar su duba zanen, a ƙiyasta kuɗi gwargwadon girman gini da unguwa da abin da za a yi da shi. Ginin kasuwanci ya fi na zama tsada.

Ka biya ta banki ko ta hanyar biyan kuɗi ta gwamnati, a asusun gwamnati, ka riƙe rasit. Wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce ba shi kuɗin a hannu zai fito maka da izini cikin kwana uku, sau da yawa takardar da zai kawo ba ta da fayil a ciki. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: kowane izini na gaske yana da lambar fayil da za a iya buɗewa a ofis. Ko wakili ka tura, ka je da ƙafarka sau ɗaya ka ga fayil ɗin.

Dokar 1992 ta iyakance jinkirin hukuma ga wata uku, kuma idan ta ƙi amincewa sai ta faɗi dalili a rubuce. Rasit ɗin shigar da takardu ba izini ba ne. Mutane da yawa suna biya yau, gobe su fara haƙa tushe suna cewa takarda na hanya. Idan aka dawo da zanen da gyara, ginin da ke ƙasa ya riga ya saɓa. Izinin kansa, a tsarin dokar, shekara biyu yake aiki. Wanda bai fara gini a cikinsu ba sai ya koma a sabunta masa. Wannan ya shafi masu gini da albashi, waɗanda kan karɓi izini su ajiye har kuɗi ya taru.

Mataki na huɗu: gina abin da aka amince da shi

Ajiye kwafin zanen mai hatimi a wurin aiki kullum. Kira hukuma ta duba a matakan da ta ƙayyade: lokacin da aka ja igiya aka fitar da layin gini, bayan an haƙa tushe kafin a zuba kankare, a matakin daɓen ƙasa, kafin a zuba kowane dakin, da lokacin rufi. Dubawar farko ta fi kowacce arha, domin kuskuren mita ɗaya a ranar turaku ne kawai za a matsar. Bayan an kai linta, guduma ce maganinsa.

Sauyi a tsakiyar aiki shi ne babban abin da ke mayar da gini mai izini ya zama mara izini. An amince da hawa ɗaya, kuɗi ya shigo, sai a ce a ɗora na biyu. An zana gareji, sai ya koma shago. An bar mita 3 a baya, sai a cusa ɗakin samari. Duk irin wannan yana buƙatar gyararren zane da sabon hatimi kafin a yi shi. Ƙarin hawa ya fi haɗari, domin tushe da ginshiƙan da aka lissafa don nauyin hawa ɗaya ba sa ƙara ƙarfi don an ƙara musu kaya. Benen da ake ginawa da ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut a Kano a watan Agustan 2022, da makarantar da ta rufta da ɗalibai a Jos a watan Yulin 2024 inda mutum 22 suka rasu, sun nuna irin asarar da ake magana a kai. Bayan kowane irin wannan hatsari, abin da masu bincike ke fara nema shi ne zanen da aka amince da shi da sunan mai ginin.

Ingancin kayan aiki ma yana wuyanka, tunda kai ke sayowa ko kai ka wakilta mai sayowa. Kankaren ginshiƙi da dakin na ƙaramin gida yawanci haɗin 1:2:4 ne: buhun siminti ɗaya mai kilo 50, wanda ke cika kwanon sarki biyu, sai kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Idan lebura ya ƙara yashi don buhu ya yi auki, ko ya tsuga ruwa don kwaɓi ya yi sauƙin juyawa, ƙarfin ne ke tafiya. A riƙa ba kankare ruwa aƙalla kwana 7, abin da ya fi muhimmanci a zafin bazara da bushewar hunturu, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa. Kada a cire katako da sandunan da ke tallafe da dakin kafin kwana 21 sai da izinin injiniya. Rodi kuma a auna kaurinsa da ma'auni, domin akwai wanda ake sayarwa da sunan mili 12 alhali bai kai ba. Inda zane ya ce mili 16, mili 16 za a sa. Bulon da ya marmashe a hannu ko ya fashe da an sake shi daga tsayin ƙugu, an buga da yawa ne daga buhu ɗaya, a mayar da shi.

Tsohuwar dokar inshora ta 2003 ta wajabta wa mai gina benen da ya wuce hawa biyu ya yi inshorar da za ta biya diyya idan ma'aikaci ko mai wucewa ya ji rauni ko ya rasu, sabuwar dokar 2025 kuma ta ci gaba da wajabta inshorar masu gini. Ko gininka bai kai wanda doka ta wajabta wa inshora ba, rubuta yarjejeniya da ɗan kwangila: wa ke sayen kaya, wa ke da alhakin lafiyar ma'aikata, da sharaɗin cewa ba zai kauce wa zane ba sai da rubutaccen izini.

Titi ba ma'ajiyarka ba ce. Yashi da tsakuwar da aka juye a kan hanya ko cikin kwata laifi ne da ake cin tara a kansa, kuma da ruwan farko ya sauka za su toshe magudanar unguwa. Yanka kwalta don ja da bututun ruwa, ko ɗora kwalbati a ƙofar gida, su ma sai da izini.

Kwaskwarima da gyara: ina iyakar take?

Fenti, shafe, tayil, sauya ƙofa ko taga a gurbinta, canza ruɓaɓɓen kwano da sabo ba tare da taɓa fasalin rufi ba, duk wannan kula da gida ne, ba a neman izini. Da zarar aiki ya taɓa ƙashin gini, ko girmansa, ko abin da ake yi da shi, ya shiga hurumin hukuma. Dokar 1992 ta faɗaɗa ma'anar aikin da ke buƙatar izini har ta haɗa da rushe gini da sauya amfanin wuri. Don haka ƙara ɗaki, ɗora bene, fasa bango don haɗe falo biyu, rushe ginin ƙasa a mayar da shi na bulo, da jan sabuwar katanga, duk a nemi izini.

Fasa bango yana bukatar ido na musamman. A gidajenmu marasa ginshiƙai, bangon bulo mai inci 9 shi ke ɗauke da rufi ko dakin, mai inci 6 kuma galibi raba ɗaki kawai yake yi, amma ba kullum ba, don akwai maginan da ke ɗora nauyi a kan mai inci 6. Injiniya ya duba, ya zana bim ɗin da zai karɓi nauyin, a tokare sama kafin a sa guduma. A tsohon gari kuma, inda gida biyu ke jingine da bango ɗaya na ƙasa, rushe naka ɓangaren da damina zai iya kwantar da ɗakin maƙwabci, kuma kai za ka biya.

Mayar da zaure ko gareji shago, ko mayar da gida makaranta, asibiti, masauki ko wurin buga ruwan leda, sauya amfani ne, kuma ƙofa biyu ake bi: ofishin ƙasa ya canza abin da aka rubuta a takardar mallaka, hukumar tsara birni ta amince da sabon zane. Kuɗin ƙasa ma yakan ƙaru. Ɗan haya ba shi da ikon yin ko ɗaya daga cikin waɗannan sai da rubutacciyar yardar mai gida, mai gidan da ya kawar da kai kuma shi takardar hukuma za ta samu.

Maƙwabci

Izinin hukuma bai kankare haƙƙin maƙwabci ba. Fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a ke aiki da shi ya hana buɗe tagar da ke leƙa cikin gidan wani, bisa hadisin da ya hana cuta da cutarwa. Mai ɗora bene a unguwar da matan aure ke aikinsu a tsakar gida ya shirya wannan tun a zane: tagogin gefe a ɗaga su sama da tsayin mutum ko a sa gilashi mara nuna ciki, baranda ta fuskanci titi, matakala kada ta zama wurin hange. Ruwan rufinka ya sauka a filinka, ramin shaddarka kada ya jingina da tushen katangarsa. Kafin a haƙa tushe a kira shi da mai unguwa a nuna duwatsun iyaka kowa ya gani. Minti talatin ne, amma yana kashe shari'ar shekaru.

Idan an riga an shafa jan fenti

Dakatar da aiki nan take. Ci gaba da gini da dare ko ranar hutu, ko goge alamar, ƙarin laifi ne, kuma yana rufe ƙofar sulhu. Karanta takardar da aka bari ka ga irinta: ta tsayar da aiki ce, ta sanar da saɓa ƙa'ida ce, ko ta rusau. Je ofis a cikin wa'adin da aka rubuta da duk takardunka, ka amsa a rubuce, ka karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Idan laifin rashin izini ne kawai, ginin kuma bai hau hanya ko magudana ba, yawanci ana yarda a zana shi yadda yake, injiniya ya gwada ƙarfinsa, a biya kuɗin izini da tara. Idan wani ɓangare ne ya shiga tazara, za a ce a cire shi. Gara ka rushe da hannunka a hankali ka tsira da bulo da rodi. Ginin da aka tabbatar yana barazana ga rayuka, dokar 1992 ta ba da wa'adin da bai wuce kwana 21 ba, kuma kuɗin rusau mai gini ne zai biya. Wanda yake ganin an zalunce shi ya nemi lauya da wuri, domin rikicin filin da gwamna ya ba da haƙƙinsa Babbar Kotun Jiha ke saurara, kuma umarnin dakatarwa kafin katafila ta iso yake da amfani.

A nan ne darajar izini ke fitowa a kuɗi. Idan gwamnati ta karɓi fili don aikin jama'a, sashe na 29 na dokar 1978 ya ce diyyar abin da aka gina ake biya, ba ta ƙasar kanta ba. Wanda ke riƙe da zane mai hatimi yana da hujjar da zai tsaya a kai. Wanda ya gina a kan hanya ba izini kuwa, abin da aka ba shi alfarma ce.

Kafin tarewa

Idan aiki ya kammala, nemi hukuma ta yi dubawar ƙarshe ta ba ka takardar shaidar kammala gini da dacewarsa da zama. Wayoyin lantarki su kasance aikin mai lasisi ne, da sandar ƙasa da na'urar yanke wuta, kafin KEDCO ko kamfanin yankinka ya ja maka layi ya sa mita. Sannan ka haɗa satifiket, amincewar gwamna, taswirar safiyo, zane mai hatimi, wasiƙar izini, rahotannin dubawa da dukkan rasit a fayil ɗaya. Ɗauki hoton kowace takarda ka adana a waya da imel, ka ajiye kwafi a wani gida daban saboda gobara da ruwa da gara, ka kuma nuna wa iyalinka inda na asalin yake. Banki zai nemi fayil ɗin idan za ka jinginar da gidan, mai saye zai nema, kotu ma za ta nema ranar rabon gado.